Shanun Tekun da Ban Gani Ba

Sau ɗaya na taɓa shiga jirgin ruwa a rayuwata, kuma rabin tafiyar a kwance na yi ta, kaina a bakin bokiti. Wannan ita ce gaskiyar da ya kamata in dawo da ita Potiskum. Na baro ta a can, na dawo da hotuna ashirin da biyu da baki mai zaƙi.

A lokacin ina aiki a sashen kiwon kifi. Kowa ya san irin kiwon kifinmu na nan: tarwada a kwamin siminti a bayan gida, ruwan burtsatse, da addu'ar kada zafi ya kashe su kafin su yi girman sayarwa. Sai aka sami gurbin kwas na mako shida a gaɓar tekun yammacin Kanada, sunana ya fito, har yau ban san wanda ya janye na samu ba. Na je na koyi ƙyanƙyasar ƙwan kifi a cikin ruwan da ko yatsa ba ka iya bari a ciki. A makon ƙarshe aka ce za a kai mu yawon buɗe ido, mu ga wasu dabbobin teku da ake kira oka.

Siffarsu ta kifi ce, amma ba kifi ba ne. Haihuwa suke yi, su shayar da nono, kuma sai sun ɗago sama sun shaƙi iska kamar ni da kai. Baƙaƙe ne wuluk, da fari a ciki da kuma bayan ido, babbansu ya fi motar haya tsawo. Kowanne yana da fiffike guda a tsaye a gadon baya. Wata Baturiya ce ke jagorantar jirgin, ta yi shekaru tana bin su, kuma tun muna bakin gaɓa ta fara bayani. Ta ce babu biyu da suka yi kama. Fiffiken kowanne yana da nasa tsaga ko gutsure, ga kuma wani tabo mai ruwan toka a bayan fiffiken, da waɗannan ake gane wane ne wane. Ta raba mana wata takarda mai naɗi uku, na cusa a aljihun rigar sanyi ban duba ba. Iyakar abin da na ji daga bakinta ke nan, domin jirgin na fita daga tasha cikina ya juya.

Na ci ƙwai huɗu da safen nan, na kora da shayi mai kauri, saboda an ce sanyin teku ba ya son mai yunwa. Duk na mayar musu da abinsu. Wani ma'aikacin jirgi ya sauko da ni ɗakin ƙasa, ya kwantar da ni a benci, ya ajiye mini bokiti. Can na ji an kashe inji, na ji ƙafafu na gudu a bisa kaina zuwa gefe guda, na ji mutane na magana ƙasa-ƙasa. Abokin ɗakina, wani mutumin Kenya, ya leƙo ya ce in taso ko da rarrafe ne, sun zo dab da mu. Na ɗaga masa hannu na ce ya rabu da ni in mutu cikin mutunci. Shi ne ya ɗauki hotunan, shi ne kuma ya tura mini su a waya da muka koma masauki.

Da na dawo gida aka yi ta zuwa sannu da zuwa. Babu wanda ya so jin labarin ƙwan kifi. Hotunan nan kuwa, da na kai aka wanke mini su manya-manya, hannu ya yi ta karɓarsu. Ranar farko ban yi ƙarya ba, a lissafina. Aka ce, "Ka gan su kuwa?" na ce, "To ga su nan a gabanku." Rana ta biyu na ce sun matso kusa da jirgi. Kafin mako ya zagayo, wani har ya fesa mini ruwa a fuska, na goge da hannun riga. Ban zauna na shirya ba, duk wanda ya buɗe baki yana mamaki sai in ga kamar rowa ce in bar shi haka ban ƙara masa ba.

Mahaifina Bafulatani ne da ya bar daji tun kafin a haife ni, ya zauna a unguwar Bolewa, ya zama dillalin shanu a kara. Bai yi boko ba, Hausarsa ma har ya tsufa ba ta rabu da Fillanci ba. Amma a karar Potiskum, inda shanu ke cika fili ranar Laraba har ka rasa wurin taka ƙafa, idan rigima ta tashi a kan saniya shi ake aikawa a kira. Saniyar da ta taɓa ratsa hannunsa ba ya mantawa da ita, ko an rage mata ƙaho, ko an sake tsaga kunnen, ko an ɗora wata lambar wuta a kan ta farko. Zai zagaya ta sau ɗaya, ya sa a kora ta ta yi tafiya, sannan ya faɗi garken da ta fito da wanda ya kiwata uwarta. In bai sani ba, ya ce bai sani ba. Shekara arba'in ba a taɓa jin ya ba da shaidar abin da bai gani ba, kuma da wannan kaɗai ya ciyar da mu.

Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kama sunana ba. Ina yaro "kai" nake. Da na girma na zaɓi aikin da na zaɓa, sai na zama "mai kifi", kuma duk wanda ya san yadda Bafulatani ke kallon kifi ya san ba yabo ba ne. Bai tambaye ni komai game da tafiyata ba. Ƙanwata ya aika ta ce in ba shi aron hotunan, ya riƙe su kwana tara.

A shekarar an yi masa aikin cire yana a idon hagu, an ba shi tabarau, na daman kuma ya fara hazo. Abin na damunsa ƙwarai, ko da yake ba ya faɗa. Abokan aikinsa sun fara tsokanarsa, suna cewa yanzu sai a kawo masa jaki ya ce ya san kakarsa.

Ranar da ya dawo da hotunan, bayan la'asar ne, a ƙofar gida ƙarƙashin dogon yaro inda suke zama. Akwai dillalai uku, ɗaya Babarbare ne mai bakin tsiya. Akwai kuma amininsa tun na ƙuruciya, wanda muke kira Kawu, makiyayi ne da ya zauna a gefen Yindiski da 'yan shanun da suka rage masa. Baba ya shimfiɗa hotunan a tabarma layi-layi, ya danne kowanne da tsakuwa, ya ce a kira masa mai kifi.

"Shanun tekun nan naka," ya ce, bai dube ni ba, "shida ne."

Na riga na faɗa wa rabin unguwa cewa goma ne.

Ya ɗora yatsa a kan wani hoto. "Wannan mai gutsure a fiffike, kamar an tsaga kunnen saniya. Ga ta nan, ga ta nan, ga ta kuma nan. Wuri tara na same ta, kuma ko'ina ita ce gaba. Tsohuwa ce. Ita ce uwar garke." Ya matsa da yatsa zuwa wani mai dogon fiffike a miƙe, wanda ya fi kowa cika hoto. "Wannan ƙato kullum yana gefenta, baya kaɗan. Ba mijinta ba ne. Bijimi baƙo ba ya tafiya haka kusa da saniya. Wannan ya saba da gefen nan tun yana shan nono. Ɗanta ne, ya girma bai bar ta ba. Ƙaramin nan kuma ba nata ba ne, na waccan mai fiffike lafiyayye ne, duba yadda yake manne mata."

Mutanen suka sunkuya a kan tabarma suna gyaɗa kai. Kawu ya yi murmushi ya ce da Fillanci wani abu mai kama da, ai na faɗa muku. Tun da na dawo ni ake kallo idan an ambaci teku, yanzu ga tsoho da ko tafkin Chadi bai taɓa gani ba ya kwashe mini jama'a da tsakuwa da yatsa. Babarbaren ya ɗago ya ce, da irin gaisuwarsu, "Wushe, malam mai kifi. Kai da ka je da shi da bai je ba, wa zai koya wa wani?"

Raina ya ɓaci. Ba zan ɓoye ba, baƙin ciki na ji, irin na yaro da aka karɓe wa abin wasa.

Na ce, "Baba, teku fa ba kara ba ce. Goma ne, ni na ƙirga su. Kuma wannan babban namijin shi ne shugaba. Shi ya fara fitowa, sauran suka biyo shi. Hoto ne kawai ya nuna muku haka."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. "Da idonka?"

"Da idona."

Ya cire tabarau, ya goge da bakin rawani, ya mayar, ya sake sunkuyawa a kan hotunan. Ya daɗe. Sannan ya fara ɗauke tsakuwoyin ɗaya bayan ɗaya yana tattara hotunan.

"To," ya ce wa mutanen. "Shi ya tsaya a wurin, ni takarda na duba. Ku ajiye nawa, ku ɗauki nasa." Ya miƙo mini su. Can kuma ya ƙara, kamar da kansa yake magana, "Ashe idon ya tafi ban sani ba."

Aka yi dariya, aka ce tsufa ba ya sallama. Kawu ne kaɗai bai yi ba. Ni kuwa na shiga gida ina jin na ci nasara.

Larabar da ta biyo baya bai je kara ba, ya ce gwiwa. Ta gaba ma haka. Inna ce ta tare ni a tsakar gida ta ce tsohon nan fa ba gwiwa ke damunsa ba. Ta ce yana sa ta ta tsaya a bakin madafa ta ɗaga yatsu ya faɗi ko nawa ne, in ya faɗa daidai ya ce sa'a ce. Awakinsa biyar na bayan gida sai ya ƙirga su sau biyu. Na ce mata zan kai shi a sake duba idon. Na kai shi, likita ya ce wanda aka yi wa aiki ya fi nawa gani. Baba ya ce likita harafi ya nuna masa a bango, ba dabba ba.

Ana cikin haka wani maƙwabci zai yi tafiya ya aiko neman aron akwati. Ina zazzage shi na ci karo da rigar sanyin nan, a aljihunta kuma takarda mai naɗi uku. A tsaye na karanta ta. Zanen zuriyar garken da muka je gani ne, kowanne da hoton fiffikensa. Shida ne. A sama akwai mai gutsure, an rubuta cewa ita ce tsohuwar da kowa ke bi. A ƙarƙashinta mai dogon fiffike, an rubuta ɗanta ne, kuma mazan irin wannan garke ba sa rabuwa da uwa har ta mutu. Ƙaramin na 'yarta ne. Babu ko ɗaya da Baba ya kuskure.

Na zauna a bakin gado. Abin da ya dace in yi ba shi da wuya, taku goma ne daga ɗakina zuwa zaurensa. Na ce sai ya kasance shi kaɗai. Da na same shi shi kaɗai na ce yau bai ji daɗi ba, gobe. Gobe ta zo na ce bari a wuce Juma'a. Abin da nake tsoro shi ne, in na ce ya yi gaskiya, zai tambaye ni to me na gani da na ce na gani, daga nan sai maganar bokiti. Na tura takardar ƙarƙashin katifa, na yi mako uku ina kwana a kanta.

Ranar wata Laraba na dawo cin abincin rana, sai ga napep ya tsaya a ƙofar gida, Kawu ya fito ko sallamar kirki bai yi ba. Yana riƙe da sabuwar igiya. Damina biyu da suka wuce an sace masa wata jar saniya a wurin kiwo. Ba ita ce mafi tsada a cikin shanunsa ba, amma ita ce ta ƙarshe a zuriyar wata saniya da ya gada wurin mahaifinsa, sauran duk ciwo da ɓarayi sun gama da su. Yau ya gan ta a kara, a hannun wani falke da ya ce shi a wajen Fika ya saya. An rage mata ƙaho, an ƙara tsaga a kunne, an ƙona wata lamba a kan tasa. Sarkin kara ya ce maganar mai cigiya ita kaɗai ba ta isa a tsare dabba ba. In akwai shaida ya zo kafin la'asar, in babu za a loda ta zuwa Kudu tare da sauran.

"Kai ka jawo ta daga cikin uwarta da hannunka," Kawu ya ce wa Baba. "Tashi mu je. Kallo ɗaya ne."

Baba na zaune a kan buzu, hannunsa a kan gwiwa. Ya ce, "Ba zan iya ba."

"Don Allah, don zumunci."

"Don zumuncin ne. In na ce taka ce, an tsare mutum ke nan, an bi shi har Fika, an sa wa wani sunan ɓarawo. In kuma idona ne ya yi mini ƙarya fa?"

Ina tsaye a bakin zaure da cokali a hannu. Na buɗe baki, kuma wallahi na yi niyyar faɗa. Abin da ya fito shi ne, "Baba, ku je mana ku gwada."

Ya juyo. "Kai da kanka ka ga yadda na yi da shanun tekunka. Dabba a tsaye a takarda, ba ta motsi, ba ta gudu, kwana tara ina kallo. Na ce shida ashe goma, na ce uwa ashe ba haka ba. Ba a gwaji da mutuncin mutane."

Kawu ya dube ni. Ba da tuhuma ba, kallon neman taimako ne kawai, tunda ni ne mai boko. Na sunkuyar da kai ina kallon cokalin.

Don in rage wa kaina nauyi na ce zan kai Kawu kara a motata. Na yi shekaru rabona da shiga karar. Muka kutsa cikin ƙura da kukan shanu da hayaniyar dillalai har inda aka ware na falken. Ya nuna mini ita. A idona ja ce kamar sauran jajayen da ke kewaye da ita. Kawu ya yi wani kira a maƙogwaro, ta ɗago kai ta juyo, kunnuwanta suka miƙe. Falken, wanda ban ga alamar rashin gaskiya a tare da shi ba, ya ce kowace saniya tana juyowa in Bafulatani ya yi kira. Sarkin kara ya tambayi ina tsohon, Kawu ya ce ba ya jin daɗi. Aka jira har aka kira la'asar. Bayan sallah aka kora su kan tudun lodi, ita ce ta kusa ƙarshe. Ta yi turjiya, aka murɗa mata wutsiya ta shiga. Kawu bai motsa ba har tirelar ta hau kwalta ta karya kwana. Sannan ya naɗe igiyarsa ya rataya a kafaɗa, ya yi mini godiya da Fillanci, "Useko, ka sha wahala," ya ƙi in kai shi gida.

Washegari da hantsi na sami Baba a bayan gida yana zuba wa awaki dusa. Na durƙusa na miƙa masa takardar. Na fassara masa layi-layi. Sannan na faɗa masa komai, ƙwai huɗun, bencin, bokitin, mutumin Kenya. Na ce ban ga ko fiffike ɗaya ba.

Ya goge dusar hannunsa a riga, ya sa tabarau, ya riƙe takardar nesa da fuska. Ba tare da na nuna masa ba ya ɗora yatsa a kan mai gutsure, ya gangara zuwa ɗanta, ya tsallaka zuwa ƙaramin. Na ga kafaɗunsa sun ɗan sauka, kamar wanda aka sauke wa kaya. Na fara murna a raina cewa abin zai zo da sauƙi.

"Tun yaushe takardar nan take hannunka?"

Nan ma ƙarya ta zo mini har bakin harshe. Na haɗiye ta. "Mako uku."

"Jiya tana nan?"

"Tana nan."

"A ɗakin can?"

"E, Baba."

Ya dubi ƙofar ɗakina, ya dubi zaure, kamar yana auna tazarar. Da zagina ya yi, da na ji sanyi. Ya naɗe takardar a kan naɗinta na asali ya riƙe.

"To me ka gani a can?"

"Ba komai. Ji kawai na yi."

"Me ka ji?"

Tunda na dawo babu wanda na ba wannan labarin, don a ganina ba labari ba ne. Na ce da aka kashe inji, ina kwance kunnena a jikin katakon jirgi, na ji numfashi. Wani huci mai ƙarfi, fuu, irin na sa idan ya ɗago hanci daga kwamin ruwa, amma ya ninka shi nesa. Sai shiru. Sai wani ya biyo, ya fi na farkon kauri. Sai kuma wani ɗan siriri, gajere, da ke zuwa da sauri bayan manyan, kamar mai tsoron a bar shi. Sun yi ta yin haka kusa da kaina, har na manta da cikina na ɗan lokaci.

Ya saurara da kai a karkace, yadda yake sauraron mai cigiya.

"Na farkon bai kai na biyun kauri ba?"

"Bai kai ba."

"Tsohuwar ce. Ita ta fara fitowa." Ya dube ni. "Da wannan ka kawo mini, da ya ishe ni."

Na ce ya yafe mini. Ya ce shi idonsa ya dawo, ba abin da ya rasa. Ya ce in sa takalmi. Akwai wanda ya rasa.

Muka shiga mota har Yindiski. Da muka isa ya tsaya a bakin shinge ya ce in shige gaba. Kawu na zaune a inuwar rumfa, ya tashi ya shimfiɗa mana tabarma, ya aika a kawo nono. Ban zauna a tabarmar ba. Na tsuguna a ƙasa na sake maimaita labarin daga farko, wannan karon da mako ukun a ciki, da cokalin da nake riƙe da shi lokacin da yake roƙo. Karo na biyun ya fi na farko ɗaci.

Da na gama bai dube ni ba, Baba ya duba.

"Ke nan idonka lafiya?"

"Lafiya."

"Alhamdu lillahi," in ji Kawu. Ya faɗa har cikin ransa, na ji a muryarsa. Sannan ya juyo gare ni, ya daɗe yana kallona, ba fushi a fuskarsa sai mamaki. "Ɗan nan, da ka ce amai ka yi, wa zai yi maka dariya? Ni mota ma in na shiga sai na yi."

Aka kawo nonon a ƙwarya, ya miƙo mini da hannu biyu, dole na sha.

Da la'asar ɗin ranar na tsaya ƙarƙashin dogon yaro na janye maganata a gaban mutanen da na faɗe ta, domin Baba ya ce haka ake yi a kara, inda ka ba da shaida nan kake warware ta. Babarbaren ya kira ni mai bokiti har shekara ta zagayo, ban taɓa jin haushinsa ba. Larabar da ta biyo baya Baba ya ɗauki sandarsa ya koma aiki, ya kuma yi shekara huɗu ana aikawa a kira shi kafin Allah ya karɓi abinsa. Ya sa an bi sawun tirelar ta bakin direbobi, aka ce tun kwana na uku shanun suka shiga mahauta. Bai sake tayar mini da maganar ba, bai kuma sake neman aron wani abu nawa ba.

Hotunan suna nan. Yanzu ina iya gane shidan ba tare da takarda ba, na koya bayan ba shi da amfani ga kowa. Amma idan na buɗe su ba teku nake tunawa ba, tunda ban gan ta ba. Abin da na gani da idona shi ne lokacin da muke fita daga gidan Kawu, na waiwaya. A gefen garke akwai turke guda da babu dabba a jikinsa, an share gindinsa tsaf, an ajiye kwanon dusa. Ashe kafin ya zo kiran Baba sai da ya aika gida a gyara mata wuri. Igiyar da ya saya don ya jawo ta tana rataye a kan turken, ko ƙulli ba a yi da ita ba.